Ba Alƙali Ne Ya Toshe Ruwan Kadawa Ba: Martani

Wani ɗan'uwa lauya ya fitar da maƙala kwanan baya a kan rigingimun gonaki a yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ya nemi a zare hannun alƙalan kotunan shari'ar Musulunci daga duk wata ƙara da ta shafi gona, a mayar da ita Babbar Kotun jiha. A ganinsa alƙali ragowar mulkin En'e ne, iliminsa bai wuce aure da saki da rabon tarkacen mamaci ba, don haka gonar da ake zuba wa miliyoyi a shinkafa da tumatir ta fi ƙarfinsa. Babbar hujjarsa daga Ingila ya ɗauko ta. Ya ce su ma can sun taɓa yin alƙalan coci masu hukunci a kan aure da wasiyya, sai majalisarsu ta karɓe ikon a 1857 ta miƙa wa kotunan gwamnati, ƙasa ta ci gaba, saboda haka mu ma mu bi sahu.

Ciwon da Malam lauya ya gani gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Akwai ƙararrakin gona da suke shekaru ana ɗagawa har masu shaida su mutu. Akwai alƙalin da ake zuwa gidansa da daddare da buhun shinkafa a bayan mota. Kuma duk wanda ya san abin da 'yan NEPU suka sha a gaban wasu alƙalan En'e a shekarun 1950 ba zai ce kujerar ba ta taɓa zama makamin zalunci ba. Inda muka rabu da Malam shi ne maganin da ya rubuta, da kuma tarihin da ya jingina maganin a kansa, domin tarihin bai faɗi abin da ya sa shi faɗa ba.

Mu fara da Ingilar da ya kawo. Alƙalan cocin da yake magana a kansu ba limamai ba ne da aka ɗauko daga kan mumbari. Masana ne da suka yi digirin dakta a dokar Rumawa a Oxford ko Cambridge, suna da zaurensu a Landan mai suna Doctors' Commons, kuma su ne suke riƙe da kotunan coci da kotun harkokin teku a lokaci guda. A ɗauki Sir Leoline Jenkins, wanda aka haifa a yankin Wales a 1625. Ya shugabanci kwalejin Jesus ta Oxford daga 1661, ya zama alƙalin kotun teku a 1668, shekara guda bayan haka aka ba shi kotun Akbishop na Kantabari mai kula da wasiyya da dukiyar mamata. Daga nan aka tura shi jakadancin sulhu a Kolon da Nijmegen, ya zama sakataren gwamnati a 1680, ya mutu a 1685. Mutum ɗaya ke nan da yake hukunci a kan jirgin ruwan da aka kama a lokacin yaƙi, ya juya ya raba wa marayu kayan ubansu, sannan ya zauna da jakadun Faransa. Ba wanda ya ce da shi don yana alƙalin addini, harkar dukiya ta fi ƙarfinsa.

Ga kuma abin da Malam ya tsallake, wanda shi ne ya fi shafar mu. Kotunan cocin Ingila ba su da hurumi a kan gadon ƙasa tun asali. Nasu kayan ɗauka ne: kuɗi, dabbobi, kayan ɗaki. Ƙasa tana hannun kotunan sarki, na lauyoyi, irin waɗanda Malam yake so a miƙa wa gonakin Kadawa. To me waɗannan kotuna suka yi da ita? Idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, babban ɗa namiji shi yake kwashe ƙasar gaba ɗaya, ƙannensa maza da mata su tashi a tutar babu, kuma haka aka ci gaba har 1925. Dokar rabon kayan ɗauka ta 1670 kuwa, wadda Jenkins yake cikin waɗanda suka tsara ta, ita ce ta ba matar mamaci sulusi, ta raba saura daidai tsakanin 'ya'ya, mace da namiji. Ashe a Ingilar ma, ɓangaren alƙalin addini ne ya tuna da 'ya mace. Da aka karɓe ikon a 1857, gini da kujera aka sauya, ƙa'idar rabon ta ci gaba da aiki shekaru kusan saba'in bayan haka. Sannan tun 1846 Ingila ta riga ta buɗe ƙananan kotuna a gundumomi domin talaka ya daina tafiya mai nisa a kan ɗan bashi. Su kusanto da shari'a suka yi. Shawarar Malam nesanta ta za ta yi.

Mu dawo gida, domin muna da namu da suka taka irin wannan matakala. Tun wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen gari, saboda suna son sanin yadda ake hukunci da yadda ake riƙon jama'a. Alƙalin Kano Muhammadu Zangi, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, shi ya bar mana Taƙyidul Akhbari a 1868, littafin da har yau masu tarihin jihadi a Kano suke komawa gare shi. Amma wanda rayuwarsa ta fi amsa wa Malam shi ne Waziri Muhammadu Giɗaɗo.

Giɗaɗo malami ne da ya kai ga kujerar Alƙalin Kano a farkon zuwan Turawa. A 1908 Razdan Cargill, wanda Kanawa suke ce wa Mai Gunduma, ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki ya ɗora shi a wazirci domin ya rage wa Sarki Abbas ƙarfi. Abin bai ɗore ba. Da Razdan Temple ya zo a 1909 aka warware, aka naɗa Alƙali Giɗaɗo, ya riƙe wazircin har rasuwarsa a 1937. Shi ne masanin shari'a a majalisar Sarki, inda ake kawo ƙarar gona da gida da kisan kai da ta bayin da suke neman 'yancinsu. Littattafan wannan majalisa na 1913 da 1914 suna nan da Larabci, wani masanin tarihi Ba'amurke, Allan Christelow, ya fassara zaɓaɓɓu daga ciki ya buga a 1994. Duk wanda ya leƙa zai ga zamani ne mai wuya: yaƙin Basasar Kano bai daɗe da wucewa ba, bauta tana rushewa, dokar ƙasa ta Turawa ta 1910 ta shigo da nata tsarin, mutane suna dawowa neman gonakin da suka bari. A cikin wannan rikici mutumin da ya tashi da littattafan fiƙihu na Risala da Muhtasar ya zauna yana ba da shawarar hukunci. A zamanin wazircinsa aka buɗe makarantar alƙalai ta Shahuci a 1928, aka buɗe makarantar shari'a ta Kano a 1934 da malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga can Abubakar Mahmud Gumi ya fito, ya kai ga zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Mutanen wancan zamani da suka ga duniya ta sauya wa alƙali, ƙara masa karatu suka yi.

Malam ya kawo maganar hana mata gadon gona, ya ɗora wa alƙalai. Nan ma a duba da kyau. Sarkin Kano Usman ne ya hana mata gadon gida da gona a 1923, umarni ne daga fada, kuma babu shi a cikin kowane littafin fiƙihun Malikiyya. Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi a 1954, aka koma ga abin da yake cikin littafin alƙali tun farko. Matar da take noma rabonta a Ɗanhassan ko Ciromawa yau, ilimin fara'ili ne ya tsaya mata.

Yanzu mu shiga gonar kanta, tun da a nan maganar take. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tayar da dubban mutane daga matsugunansu, aka jawo ruwa ta babban kanal zuwa filayen Kadawa. An karɓi gonakin mutane an baje su, an yanka hanyoyin ruwa da na mota, sannan aka mayar wa masu su bayan an rage wani kaso saboda ayyukan. Daga 1976 harkar ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wannan ya sa iyakar da kakanni suka sani, kukar nan ko jerin jeman can, ta ɓace a ƙarƙashin katafila, aka maye ta da lamba a taswirar da take ofis. Tun daga ranar darajar gona ta daina zama faɗinta kawai. Kusancinta da bakin ruwa shi ne kuɗinta.

A ɗauki magidanci ya rasu ya bar eka ɗaya a cikin wata sakta ta wannan aikin ban-ruwa, da mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Lissafin ba ya ɗaukar alƙali minti biyu: kashi takwas, uwargida tumuni wato kashi ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Wahalar tana bakin gona. Ruwa ta gefe ɗaya yake shigowa, daga ƙaramar magudanar da manomi yake sa tiyo ya zuƙo. In aka yanka gonar a kwance, wanda ya sami bakin magudana ya sami gona, wadda ta faɗa can ƙarshe kusa da lambatun fitar da ruwa ta sami fili ne kawai, sai abin da ɗan'uwanta ya ga dama ya sakar mata. In aka yanka a tsaye don kowa ya taɓa ruwa, kason mace zai zama siririn zirin da tarakta ba za ta iya juyawa a ciki ba. Malam yana ganin littafin alƙali bai san da wannan ba. Ya sani ƙwarai. Malaman Malikiyya sun bambanta rabon da ake yi da awo da wanda ake yi da ƙima, sun yi bayanin abin da rabawa za ta lalata shi, a sayar a raba kuɗin, sun kuma yi bayanin yadda magada za su bar abu a haɗe su riƙa amfana bi da bi. Ga shufa'a, wadda take ba abokin tarayya damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare kafin a raba, a kan kuɗin da aka saya. A wurin da attajiran birni suke zagaye da kuɗi a hannu suna neman eka, wannan babi shi ne katangar iyali da yawa.

Rigimar ruwa kuwa, ita ce ma ta fi tsufa a littafin. Duk wanda ya kwana a gona a watan Maris ya san yadda ake yi. Na sama ya jera buhunan ƙasa a cikin magudana bayan isha'i, ya juya ruwan gonarsa, na ƙasa ya zo da asuba ya tarar da tumatirinsa ya sunkuyar da kai, ƙasa ta tsattsage, ya ɗauki fartanya ya bi magudana yana neman wanda ya toshe. Daga nan sai cacar baki, wani lokaci har da jini. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, inda aka ba na sama damar tsare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki ga na ƙasa. A cikinta kuma akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa da ya so ya ratsa da magudana ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta a ratsa tun da ba cutar da shi za a yi ba. Muhtasar ya kai ga bayanin raba ruwan tarayya da tukunya mai huda, a cika ta a rataye, mutum ya sha ruwa gwargwadon lokacin da za ta ɗauka tana tsiyaya, sannan layi ya wuce ga na gaba. Tuhfa, wadda kowane alƙalin ƙasar nan yake riƙe da ita, Ibnu Asim ya rubuta ta a Garnaɗa ta Andalus, ƙasar da noman ban-ruwa ya yi suna. Ina so Malam ya nuna mini darasi ɗaya a makarantar horon lauyoyi da ya yi wa rabon ruwan magudana irin wannan zama.

Ban ce a ɗauki hukuncin ƙoramar Madina a ɗora wa kanal ɗin Tiga kai tsaye ba. Ruwan Kadawa ba ruwan sama ba ne da ya gangaro da kansa, kuma ba manoma ne suka haƙo shi ba. Gwamnati ce ta tare shi, take sakin sa bisa jadawali, take karɓar kuɗin ruwa. Sabuwar mas'ala ce mai neman malamai su zauna da injiniyoyi. Amma wanda yake da tushen da zai gina a kai ya fi wanda zai fara daga babu.

Abin da yake jawo jinkirin da Malam yake kuka da shi, yawancinsa ba daga kan kujerar alƙali yake tasowa ba. Na farko takarda. Mafi yawan aro da haya da jingina a yankin da baki ake yi, gaban mutum biyu ko uku. Shekara goma sha biyar ta wuce, mai bayarwa ya rasu, mai riƙo ya ce saye ya yi, ya kawo hujjar hauzi, cewa ya shekara goma yana noma ba wanda ya yi magana. Alƙali ya san hauzi ba ya cin gonar aro ko ta jingina, ya kuma san wa'adinsa tsakanin dangi ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, amma sai an tabbatar masa da yadda gonar ta shiga hannun mutumin. Taswirar da za ta nuna sunan wanda aka mayar wa filin bayan baje ƙasa tana ofishin hukumar tarayya, kuma alƙali ba shi da kwafinta. Mai shari'a na Babbar Kotu ma haka zai zauna yana jiran ta.

Na biyu ɗaukaka ƙara, kuma a nan ne na yi mamakin shirun Malam, domin fagensa ne. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado, kuma Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa jayayya a kan mallakar ƙasa zalla ba ta cikin wannan jeri. To ƙarar gona a Bunkure da wuya ta zo da fuska ɗaya. Wannan ya ce gadon ubansa ce, wancan ya ce saye ya yi daga uban. Gado ne ko mallaka? In aka kai ta ƙofar da ba ita ba, sai bayan shekaru wata kotu ta sama ta ce babu hurumi, a koma farko. Iyali sun sayar da shanu sun biya kuɗin shari'a, gona ta yi kacala, ba a taɓa ainihin maganar ba. Wannan tsaga 'yan siyasa da lauyoyi suka yi ta a zauren rubuta tsarin mulki, alƙalin ƙauye gadar ta ya yi.

Kuma ƙofar da Malam yake so a buɗe ai a buɗe take. Sashe na 41 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba ƙananan kotuna hurumi a kan filayen karkara, sannan a shari'ar Adisa da Oyinwola a shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma tana da shi. Wanda yake da hali yana iya zuwa can tun yau, kuma masu hali suna zuwa. Abin da shawarar Malam za ta ƙara shi ne ta rufe ɗaya ƙofar, wadda 'ya mace mai kashi ɗaya cikin takwas take iya shiga da ƙafarta, ta yi magana da harshenta, ta fahimci abin da ake tambayar shaidunta, a yi mata i'izari ta san an ba ta damar ƙarshe. A Babbar Kotu sai ta nemi lauya ya rubuta mata da Turanci, ta bi titin Zariya zuwa birni duk ranar zama, ta zauna ana magana a kan gonar ubanta ta bakin tafinta. Wanda ya sayi gonar daga hannun yayanta, shi yana da lauya tun kafin ya biya kuɗin.

Gyaran da nake gani ya fi wannan araha, kuma hanyar Giɗaɗo ce. Aikin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara magudanai, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka tattara bayanan masu gonaki domin karɓar kuɗin ruwa. A ajiye kwafin wannan rajista da taswirar kowace sakta a kotunan Kura, Bunkure da Garun Malam, a riƙa sabunta su. A sa ƙungiyoyin su riƙa rubuta kowace haya da jingina a takarda mai shafi guda, da Hausa, boko ko ajami, da ranar karɓa da ranar mayarwa, kotu ta buga hatimi. Alƙalin da za a turo yankin a ba shi horo na musamman a kan yadda ruwan yake tafiya daga Tiga zuwa bakin gona, a haɗa shi da ma'aikacin awo, a bar shi ya daɗe har ya san wurin, a kuma wajabta masa zuwa ganin gona da idonsa kafin ya raba ta. Wanda aka kama da karɓar buhu a kore shi a bainar jama'a, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a tana da wannan iko. Kwalejin Aminu Kano ta nazarin shari'a da tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero suna yaye ɗalibai masu fiƙihu da dokar zamani a haɗe, su ya kamata a fara turawa irin wannan yanki.

Ɓangaren da ya rage na su Malam ne. Sashe na 277 ba ya gyaruwa sai ta majalisar tarayya da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, kuma ƙungiyar lauyoyi tana da bakin da ake ji a duk lokacin da aka buɗe zaman gyaran tsarin mulki. In za su tsaya a kan cewa ƙarar gonar da aka fara bisa shari'ar Musulunci tsakanin Musulmi ta bi hanya ɗaya har ƙarshenta, ni da manoman Kura za mu sa hannu a takardar.